15 Ga Maris: Taurarin Da Suka Haɗa Ranar Haihuwa Da Sarki Ali Nuhu

Yau wani ɗan bincike na kawo muku, kuma autan gidanmu ne ya jawo shi.

An haifi yaron nan ranar 15 ga watan Maris, yanzu yana aji biyar a sakandare. Ran nan ya shigo ɗakina da waya a hannu, baki har kunne, ya nuna min wani hoto da ake yawo da shi a Facebook, an jera Ali Nuhu da Paul Pogba da Alia Bhatt, an rubuta cewa duk rana ɗaya aka haife su. Ya ce, "Yaya, ka ga 'yan ranarmu kuwa? Wallahi ranar nan ta manya ce. Ni fa ina ganin bokon nan ɓata min lokaci kawai yake yi, ko dai ƙwallo ko fim, ɗaya zan kama."

Da farko dariya na yi, amma da na kalli fuskarsa sai na ga da gaske yake. Na ce masa, "Auta, ba ni kwana biyu. Zan nemo maka 'yan ranar taku ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da ranar ta tsinana wa kowannensu." To abin da na tattara ke nan na ga ya dace na kawo muku, don na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan yaro ba. Waɗanda na sa a nan duk waɗanda ranar haihuwarsu ta tabbata ne, ba irin jerin da ake haɗawa don neman mabiya ba.

Ali Nuhu, 1974

Da shi za mu fara, tunda gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. An haifi Ali Nuhu ranar 15 ga Maris 1974 a Maiduguri. Mahaifinsa ɗan jihar Gombe ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Borno, ya taso tsakanin Jos da Kano. Abin da yawancin yara masu son shiga fim ba sa son ji shi ne, sai da ya yi digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, ya je ya yi bautar ƙasa a Ibadan.

Ya fara fitowa a fim a 1999 cikin Abin Sirri Ne. Amma fim ɗin da ya kai sunansa kowane lungu shi ne Sangaya, wanda suka yi da Fati Muhammad. Ku tambayi yayyenku mata yadda aka yi rububin kaset ɗin nan. Daga nan sai Wasila da Mujadala da sauransu, ga kuma kamfaninsa na FKD wanda ya yaye matasa da dama da yanzu suke cin gashin kansu.

Bai tsaya a Arewa ba. Ya tsallaka Kudu ya yi Sitanda na darakta Izu Ojukwu, wanda ya jawo masa kyautar AMAA ta jarumi mai tasowa a 2007. Ya fito a Last Flight to Abuja a 2012, da Confusion Na Wa a 2013, da Amina a 2021. A 2017 shi ya ba da umarnin Mansoor, fim ɗin da ya fito da Maryam Yahaya, ya kuma nuna wa duniya cewa Umar M. Shareef ba waƙa kaɗai ya iya ba. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos, garin da ya yi jami'a.

Ku lissafa da kyau. Daga 1999 zuwa 2024 shekara 25 ke nan. Mutum ya yi shekara 25 yana fita wurin ɗaukar fim cikin rana da sanyi, ana yabo ana zagi, bai ajiye ba. Sarautar ba a ranar suna aka ba shi ba.

Alia Bhatt, 1993

Shekara 19 cif bayan haihuwar Sarki aka haifi Alia Bhatt a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai. Ita kam a cikin harkar ta buɗe ido. Mahaifinta Mahesh Bhatt babban darakta ne, mahaifiyarta Soni Razdan jaruma ce. Wani abin sha'awa, a 1999, shekarar da Ali Nuhu ya fara fim, ita ma ta fara bayyana a allo tana 'yar shekara shida, a fim ɗin Sangharsh inda ta fito a matsayin Preity Zinta tana yarinya.

Fitowarta ta farko a matsayin jaruma ita ce Student of the Year a 2012, fim ɗin Karan Johar, tare da Varun Dhawan da Sidharth Malhotra. A lokacin mutane da yawa sun ce kyau ne kawai da gatan uba. Sai kuma ta ƙara wa kanta: a wani shirin hira na Karan Johar aka tambaye ta sunan shugaban ƙasar Indiya ta faɗi na wani daban. Wayyo, ta sha tsiya. Aka mayar da ita abin barkwanci a intanet na tsawon lokaci.

Da aiki ta rufe bakin mutane. Highway da 2 States a 2014, Udta Punjab da Dear Zindagi a 2016, Raazi a 2018, Gully Boy a 2019. A 2020, bayan rasuwar Sushant Singh Rajput, fushin jama'a ya sauka a kan 'ya'yan manya na masana'antar, tallan fim ɗinta Sadak 2 ya shiga sahun bidiyoyin da aka fi nuna wa ƙiyayya a YouTube. Shekara biyu bayan haka ta dawo da Gangubai Kathiawadi, wanda ya ba ta kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya, suka raba da Kriti Sanon. A 2022 ɗin dai ta fito a RRR da Brahmastra, ta shirya Darlings da kamfaninta, ta kuma auri Ranbir Kapoor a watan Afrilu. A 2023 ta leƙa Hollywood da Heart of Stone tare da Gal Gadot.

Gata ya buɗe mata ƙofa, wannan ba musu. Amma 'ya'yan manya nawa ne aka buɗe wa ƙofar nan suka yi fim biyu uku aka manta da su?

Paul Pogba, 1993

Ga inda abin yake da daɗi. Pogba da Alia ba rana kaɗai suka haɗa ba, har shekara. A ranar Litinin ɗin da aka haifi Alia a Bombay, a ranar aka haifi Pogba a Lagny-sur-Marne, wani gari a gabashin birnin Paris. Iyayensa 'yan ƙasar Gini ne da suka je Faransa neman na kansu. Yayyensa tagwaye, Florentin da Mathias, Gini suka buga wa, shi kuma ya zaɓi Faransa.

Daga Le Havre Manchester United ta ɗauko shi a 2009. Da bai samu wurin bugawa ba sai ya tafi Juventus a 2012 kyauta, ya ci kofin Serie A sau huɗu a jere. A 2013 ya jagoranci Faransa ta ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20, aka zaɓe shi gwarzon gasar.

Mu 'yan Najeriya muna da tabonsa. Ranar 30 ga Yuni 2014, a zagayen 'yan 16 na Kofin Duniya a Brazil, Super Eagles ta riƙe Faransa har minti na 79. Aka bugo kwana, Enyeama ya fito bai kama ta da kyau ba, Pogba ya sa kai. Daga baya Yobo ya ci gida, aka tashi 2-0. Ina gidan kallo ranar, na tuna yadda wurin ya yi tsit kamar an yi mutuwa.

A 2016 United ta sake sayo shi a kan fam miliyan 89, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a lokacin. Ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Europa da Ajax a 2017, ya kuma ci a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2018 da Faransa ta doke Croatia 4-2. Yana da shekara 25 a lokacin, duniya na hannunsa.

Daga nan sai lamura suka fara juyawa. Ya koma Juventus a 2022, rauni ya hana shi zuwa Kofin Duniya na Qatar. A watan Agustan 2023 gwaji ya nuna sinadarin ƙara kuzari da aka haramta a jikinsa. A Fabrairun 2024 aka dakatar da shi shekara huɗu. Ya ɗaukaka ƙara, kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa wata 18 a Oktoban 2024, suka rabu da Juventus. A watan Yunin 2025 ya sa hannu a Monaco, kuma duk wanda ya ga bidiyon ya ga yadda ya fashe da kuka yana riƙe da biro.

To ku duba 2022 zuwa 2024. A shekarun da Alia take karɓar kyautar ƙasa, a shekarun Pogba yake zaune a gida ba ya da ikon taka leda. Rana ɗaya, shekara ɗaya. Idan da ranar ce ke rabon arziki, ai da tare za su hau, tare za su sauka.

Adrien Silva da Sandro, 1989

Waɗannan ma tagwayen rana ne, dukansu 15 ga Maris 1989, dukansu 'yan wasan tsakiya. Sandro ɗan Brazil ne, ya zo Tottenham daga Internacional a 2010, ya koma QPR a 2014. Magoya bayan Spurs na wancan lokaci ba za su manta ƙarfinsa ba.

Adrien Silva kuwa labarinsa ya fi ban mamaki. A Faransa aka haife shi, amma Portugal ya buga wa. A wasan ƙarshe na gasar Turai ta 2016, wanda Ronaldo ya ji rauni ya fita da kuka, Adrien yana tsakiyar Portugal, Pogba yana tsakiyar Faransa. 'Yan rana ɗaya suka kara da juna, Portugal ta yi nasara da 1-0 ta hannun Eder a ƙarin lokaci.

Shekara guda bayan haka Leicester City ta saye shi daga Sporting a ranar rufe kasuwar 'yan wasa. Takardun suka isa wurin FIFA a makare da daƙiƙa 14. Daƙiƙa fa, ba minti ba. Saboda haka bai samu bugawa ba sai ranar 1 ga Janairu 2018, wata huɗu yana zaman jira. Da ya tashi zaɓar lamba sai ya ɗauki 14. A lokacin Ndidi da Iheanacho da Ahmed Musa duk 'yan Leicester ne. Daga baya ya je Monaco aro, ƙungiyar da Pogba ya koma.

Yo Yo Honey Singh, 1983

Masu kallon finafinan Indiya na tsakanin 2012 da 2014 sun san muryar nan ko da ba su san fuskar ba. Sunansa na gaskiya Hirdesh Singh, Bapanjabe ne da ya taso a Delhi. Kundinsa International Villager na 2011 ne ya ɗaga shi. Daga nan masu shirya fim suka yi masa caa. Shi ya yi Lungi Dance ta fim ɗin Chennai Express a 2013, waƙar da Shah Rukh Khan da Deepika suka taka don girmama Rajinikanth. A lokacin da wuya a yi babban fim ba a nemi ya sa baki ba.

Kwatsam a ƙarshen 2014 sai aka neme shi aka rasa. Jita-jita ta yi yawa. A 2016 ya fito da kansa ya bayyana cewa yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya riƙa lilo tsakanin zumuɗi mai tsanani da baƙin ciki mai tsanani, ga kuma shaye-shaye da ya yi masa katutu. Ya yi watanni ba ya iya fita cikin mutane. A hankali ya dawo, ya yi waƙoƙi a fim ɗin Sonu Ke Titu Ki Sweety a 2018, ya saki kundin Glory a 2024, a ƙarshen shekarar kuma Netflix ta fitar da shiri kan rayuwarsa.

A nan na ɗan tsaya na kalli Auta. Duk wanda yake mafarkin suna ya kamata ya san labarin mutumin nan, domin suna na zuwa da abokan tafiya waɗanda ba a nuna su a hoto.

Abhay Deol, 1976

Ɗan ƙanin Dharmendra ne, wanda iyayenmu ke kira Sarkin Ƙarfi. Ke nan ɗan uwan Sunny Deol da Bobby Deol ne. Amma shi bai bi hanyar gidansu ta naushi da fasa ƙofa ba. Ya fara da Socha Na Tha a 2005, ya yi Oye Lucky! Lucky Oye! a 2008 da Dev.D a 2009. Inda yawancinmu muka san shi shi ne Zindagi Na Milegi Dobara na 2011, shi ne angon da abokansa Hrithik Roshan da Farhan Akhtar suka raka yawo ƙasar Sifaniya. Ya kuma fito a Raanjhanaa tare da Dhanush da Sonam Kapoor a 2013. Ba ya cikin masu tara jama'a a sinima, amma idan ana lissafin masu zaɓar labari mai ma'ana ana sa shi.

will.i.am, 1975

Sunansa William Adams, an haife shi a Los Angeles, mahaifiyarsa ce ta raine shi a unguwar talakawa. Shi ne ƙashin bayan ƙungiyar Black Eyed Peas. A 2009 waƙoƙinsu biyu, Boom Boom Pow da I Gotta Feeling, suka riƙe matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka har mako 26 a jere, wato rabin shekara. Suna cikin waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe Kofin Duniya na 2010 a Soweto. A 2012 hukumar NASA ta watso wata waƙarsa daga duniyar Mars ta na'urar Curiosity.

Ga abin da zai burge masoya Indiya. Mutumin nan yana son kiɗan Indiya kamar mu. Waƙarsu Don't Phunk with My Heart ta 2005 an gina ta ne da gutsattsarin tsofaffin waƙoƙin Asha Bhosle, ɗaya daga fim ɗin Don na Amitabh Bachchan na 1978. A 2014 kuma ya saki It's My Birthday, wadda aka ɗauko karinta daga Urvasi Urvasi ta A. R. Rahman, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Saboda haka idan wani ya sake ce muku Kannywood ce kaɗai ke aron kiɗan Indiya, ku ba shi wannan labarin.

Eva Longoria, 1975

Ita ce tagwayen ranar will.i.am, rana ɗaya shekara ɗaya. An haife ta a Corpus Christi ta jihar Texas. Ta yi suna da shirin Desperate Housewives mai dogon zango, daga 2004 zuwa 2012. Ta taɓa auren ɗan ƙwallon kwando Tony Parker. A 2023 ta ba da umarnin fim ɗin Flamin' Hot.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne alaƙarta da John Wick. Ana gab da fara ɗaukar kashi na farko kuɗi suka yanke, har an kusa watsewa. Ita ce ta zuba dala miliyan 6 aka ci gaba da aiki. Sai a 2024, shekara goma bayan fitowar fim ɗin, daraktocin suka fito da maganar fili. Ke nan duk wanda ya taɓa jin daɗin kallon Keanu Reeves yana ramuwar karensa, akwai hannun 'yar 15 ga Maris a ciki.

Kim Raver, 1969, da Jabari Parker, 1995

'Yan zamanin 24 da muka riƙa kwana a gaban talabijin muna canza faifai, kun tuna Audrey Raines, masoyiyar Jack Bauer 'yar ministan tsaro? Ita ce Kim Raver. Masu kallon Grey's Anatomy kuma sun san ta da Dakta Teddy Altman.

Jabari Parker ɗan ƙwallon kwando ne daga Chicago. A zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2014 shi aka ɗauka na biyu, Milwaukee Bucks ta ɗauke shi, ana ganin shi zai zama tauraron ƙungiyar tare da Giannis Antetokounmpo. Sai jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke a Disambar 2014, ta sake tsinkewa a Fabrairun 2017. Giannis ya wuce ya zama zakara, shi kuma ya yi ta yawo tsakanin ƙungiyoyi har ya koma Barcelona a 2023. Wanda ke shirin barin makaranta saboda wasa ya riƙe wannan: gwiwa ɗaya ce tsakaninsa da zaman gida.

Da a gidan Bahaushe aka haife su

Mu a al'adarmu ai ba kwanan wata muka fi kulawa da shi ba, ranar mako ce. Sai na zauna na lissafo ranar da 15 ga Maris ta faɗo a shekarar kowannensu, ga abin da ya fito:

Ali Nuhu, Juma'a, ke nan Ɗanjuma ne.
Alia Bhatt, Litinin, Altine.
Paul Pogba, Litinin, Ɗanliti.
Abhay Deol, Litinin, shi ma Ɗanliti.
Honey Singh, Talata, Ɗantala.
Adrien Silva da Sandro da Jabari Parker, Laraba, Balarabe har uku.
will.i.am, Asabar, Ɗan'asabe.
Eva Longoria da Kim Raver, Asabar, Asabe biyu.

A lissafin kakanninmu ke nan Sarki ba shi da ɗan rana ko ɗaya a cikin jerin nan. Idan kuma aka koma kalandar Musulunci abin ya ƙara wargajewa, domin shekararta ta gaza ta Bature da kusan kwana 11. An haifi Ali Nuhu a watan Safar na 1394. Pogba da Alia kuwa a cikin Ramadan na 1413 aka haife su, da a nan ne da sai a ce Ɗan'azumi da Azumi. Wato haɗuwar tasu ta tsaya ne a kalanda ɗaya kawai. Ka canza kalanda, zumuncin ya watse.

Me ya sa ake yawan haɗa rana?

Mutane na mamaki idan suka ga taurari da yawa a rana ɗaya, alhali lissafi ne mai sauƙi. Kwanakin shekara 365 ne kacal, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8. Kowace rana ka ɗauka za ka samu manya a cikinta. Dubi maƙwabtan ranar tamu. Ranar 14 ga Maris akwai Aamir Khan da Stephen Curry da Simone Biles. Ranar 16 akwai Rajpal Yadav da Theo Walcott da Joel Embiid ɗan Kamaru. Ranar 5 ga Fabrairu kuwa ta haɗa Cristiano Ronaldo da Neymar da Carlos Tevez da Abhishek Bachchan. Ranar 16 ga Yuli ta haɗa Wizkid da Katrina Kaif da Gareth Bale.

Masana lissafi sun daɗe da gano wani abu. Idan ka tara mutum 23 a wuri ɗaya, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Mutum 23 fa, wato 'yan wasa 22 da alƙalin wasa. Dalili shi ne ba kai kaɗai ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 suna ba da haɗin bibbiyu har 253. Idan suka kai 57, yiwuwar ta kai kashi 99. Ku gwada a ajinku ko a zauren WhatsApp ɗinku ku gani.

Sannan kada mu manta, a duk 15 ga Maris ana haihuwar dubban ɗaruruwan jarirai a duniya. Mutum goma sha ɗaya na kawo muku. Sauran suna nan, wasu malamai, wasu direbobi, wasu 'yan kasuwa, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya ba wanda ya san sunansu sai danginsu.

Yadda muka ƙare da Auta

Bayan kwana biyun na kira shi na karanta masa duka. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, kana nufin na haƙura da ƙwallon ke nan?"

Na ce masa a'a. Ban isa na ce ba zai zama wani abu ba, rabo na Allah ne. Abin da na ce ya duba shi ne wanda ya fi daɗewa a sama cikin jerin nan, wanda kuma ya fi kusa da mu, shi ne wanda ya gama karatunsa tukuna ya shiga harkar, kuma yau yake zaune a kujerar shugaban hukuma. Wanda aka saya fam miliyan 89 ya yi wata 18 ba ya bugawa. Wanda aka ɗauka na biyu a NBA gwiwa ta taka masa birki. Wanda Indiya duka ke rawa da waƙarsa ya yi watanni a ɗaki. Waɗanda suka tashi bayan sun faɗi, haƙuri da aiki ne suka tashe su.

Mun yi yarjejeniya. Bayan la'asar filin ƙwallo nasa ne, ba mai hana shi, har takalmi na yi masa alkawari idan sakamakon zangon nan ya yi kyau. Bayan isha'i kuma littafi. Ya amince, ko da yake da ɗan ƙunƙuni. Hoton nan dai har yanzu shi ne a fuskar wayarsa, ban ce ya cire ba.

Idan akwai ɗan 15 ga Maris a cikin masu karatu, Allah ya ƙara shekaru masu albarka. Wanda kuma yake son a duba masa tasa ranar, ya faɗi kwanan watan, in sha Allahu za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Na riga na fara tattara na 2 ga Nuwamba saboda masoya Shah Rukh Khan da suka dame ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.